Zauren karatun kakanmu a Bilbis ya tsage: a gyara ko a rushe?

Jikan Malam (Yamai)

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, musamman wajen magina da duk wanda irin wannan ta taɓa faɗo wa.

Ni ɗan Tawa ne, unguwar Bilbis, aiki ne ya ajiye ni Yamai shekara goma sha ɗaya ke nan. A gidanmu na gado akwai zauren da kakanmu ya gina don karatu kawai. Ba shi ne zauren shiga gida ba. Yana manne da shi ta hannun dama, babbar ƙofarsa na kallon titi, ƙarama kuma tana buɗewa cikin shigifa. Ba mu da takardar shekarar da aka gina shi, amma kakarmu kan ce a ciki aka raɗa wa mahaifinmu suna, shi kuwa takardarsa cewa ta yi an haife shi "wajen 1948". To, ku lissafa.

Ɗakin bai fi mita huɗu kowane gefe ba. Bangon daga ƙasa kamu biyu ne kaurinsa, yana sirancewa yana hawa. Baka biyu ne suka taso daga bango suka gitta a tsakiya, abin da magina ke ce wa ɗaurin guga, suka ɗauki rufin. Ƙasa rairayi ne, kowace Sallah ake sabunta shi. Akwai alkuki uku a bangon gabas: biyu na ajiye gafaka, ɗaya na fitila, kuma har yau samansa baƙi ƙirin yake da hayaƙin aci-bal-bal, ko an shafe sai ya sake fitowa. Inda Malam ke shimfiɗa buzunsa, bangon ya yi sulɓi, ya ɗan loɓa daidai kafaɗarsa. Da muna yara mukan yi rige-rigen jingina a wurin in ya shiga gida cin abinci, a ce wanda ya jingina zai riga kowa sauka. Ni na jingina ya fi sau ɗari, ban sauke ba sai da na kai sha bakwai.

Da safe da la'asar yara ne da allunansu, bayan asuba da bayan isha'i kuma manya ne masu karatun littattafai, daga Ahalari da Ishmawi har Risala. Yanzu ƙanen mahaifinmu, da muke ce wa Baba Ƙarami, shi ke riƙe da wurin. Yara ashirin da 'yan kai ne, yawanci suna zuwa ne bayan an taso daga lekol, sai dattawa huɗu da dare.

Ga matsalar. A daminar bana bangon yamma ya tsage daga kusa da indararo har kusan ƙugun mutum, yatsana biyu na shiga. Rufin na yoyo a kusurwar nan. Shekara takwas da suka wuce mun shafe bangon waje da siminti don mu huta da yaɓen kowace shekara, yanzu in ka ƙwanƙwasa shi sai ka ji kamar ganga.

Yayanmu da ke Abijan ya aiko da kuɗi ya ce a rushe, a yi butik biyu na bulo da kwano, a riƙa samun na cefane ana raba wa iyayenmu mata, yara kuma a yi musu rumfa a tsakar gida. Ba mugunta ce ba, shi ke ɗauke da gidan, kuma ya ce ba zai zauna a kira shi a waya a ce gini ya danne 'ya'yan mutane ba. Baba Ƙarami bai ce uffan ba, sai dai tun ranar bai ƙara cin tuwon dare da mu ba.

Tambayata: irin wannan tsaga na gyaruwa, ko mu haƙura? In tana gyaruwa, ta ina ake farawa? Kuma akwai wata hukuma a ƙasar nan da ke kula da irin waɗannan ƙananan wurare, ko sai manyan masallatai da fadoji?

Tsohon Magini (ƙasar Illela)

Wa alaikumus salam, ɗana. Jikana ka rubutawa, ni nika hwaɗi, in ka ga kuskure nashi na.

Na ji bayaninka duka. Ba ƙasa tac ci amanarku ba, ku kunka ci amanatta ranar da kunka sa mata siminti. Bangon ƙasa shina shan raɓa shi hidda ta, awa jikin mutum da zuhwa. In ka rufe shi da siminti, ruwan da yash shiga ta sama ko ta gindi ba shi da ƙohwar hita, sai shi zamna shina cin bangon daga ciki, kai kana waje kana ganin gini sumul. Ƙarar gangan nan da kaka ji, siminti na yar rabu da bango. Bayansa gara ta samu inuwa. Sai bango ya tsage ƙadangare ka samun wurin shiga, amma nan ku kunka yi mai ɗaki da kanku.

Kahin ka yi komi, ka hidda yara daga ciki. Su yi karatu gindin bedi ko cikin babban zaure har a gama. Sannan a tokare bakan nan biyu da itace masu ƙarhi, a sa katako ƙarƙashi don kada su nutse cikin rairayi.

Sa'an nan ka hau bisa ka duba abu ukku. Indararo: in ya hwashe ko ya gajarta, ruwa na zuba jikin bango, shi na uban tsagar taka, tunda ka ce nan tat taso. Kaurin ƙasar ruhi: mutane kowace shekara sai su ƙara laka bisa laka ba su kankare tsohuwa ba, shekara hamsin sai ka iske kamu guda na ƙasa bisa itacen da anka yi don rabin hakan. Sai kawunan itace inda sunka shiga bango. Ka soka wuƙa. In ta shige awa cikin kabewa, a canza. In ta tsaya, bar abinka.

Kuma ka sauko ka dubi gindin bango ta titi. Garuruwanmu yanzu titi shina hawa, ana zuba jar ƙasa, gidajen da suna nutsewa. In ruwa na kwana gindin bangon, a yi dakali mai gangare shi kore shi.

Ita tsaga iri biyu ta: mai rai da matatta. Ka samu laka mai laushi ka manna hwaɗin tahin hannu bisa tsagar wuri ukku, ka bari sati huɗu. In mannin bai tsage ba, ta mutu, sai a buɗe ta a jiƙa, a ɗinke da guntayen itace a gicciye, a cike da tubali da laka. In ya tsage, bango na tahiya, sai a warware wanga gehen a sake tada shi daga tushe. Ko hakan ba rushe ɗaki ba na. Mun yi shi ba sau ɗaya ba, ruhi na tsaye bisa tokara.

Lakar yaɓe kuma ba yau a kwaɓa yau a shahwa ba. A haɗa da ciyawa da kashin shanu ko na jakkai, a bari ta ruɓa kwana da kwanaki ana juyawa. In kun samu makuba, ruwan ɓawon ɗorowa, ku sa, tana korar ruwa. Wajenmu ɗorowa ta yi wuya, daga kudu aka kawo ta.

Wanda yac ce maka ƙasa ba ta ɗaukar gini, ka kai shi Yama, ga ta nan kusa da mu. Alhaji Falke Barmu, manomi na magini, yaf fara masallacin Juma'a nan 1962, yad dawo mai 1975 yas sake ruhi da baka da tulluwa, hasumiyoyi huɗu sunka ƙare 1982. A 1986 anka ba aikin kyautar Aga Khan, wadda aka ba gine-ginen da sunka yi hice. Ƙasarmu ba ta da giginya awa Gaya, shi ya sa da damman sanduna yal lanƙwasa bakansa yab bi su da laka. Ina tsammanin in kun buɗe naku, abin da za ku iske ke nan, ba azara ba.

Magini kam ka nemi tsoho. Yaran yanzu bulo da igiya sunka sani.

Ɗan Wadata (Tawa)

Baba magini, Allah ya ƙara girma, ban isa in ja da kai a sana'arka ba. Amma bari in faɗi abin da ba a so a ji.

Malam Jikan Malam, kana Yamai. Yayanka na Abijan. Wa zai hau soron nan kowace shekara kafin ruwan farko? Baba Ƙarami da ƙafarsa? Da can almajirai ne ke yaɓen, gardawa su kwaɓa, ƙolaye su ɗauko ruwa, a yini ɗaya an gama, a dama fura a sha. Wannan ginin da irin wannan rayuwar aka yi shi. Yau yaran da ke zuwa muku 'yan lekol ne, uban kowane zai ce ba leburanci ya kawo ɗansa ba. Ba lalaci ya sa kuka shafa siminti ba, rashin hannaye ne, kuma gyaran bana ba zai haifo muku hannaye ba.

Mu ma a layinmu an yi ta cewa "ai ginin da ne, ya fi ƙarfin ruwa", har daren da katangar maƙwabcinmu ta kwanta kan awakinsa. Allah ya taƙaita, awaki ne. Masallacin Birni na Damagaram, mai shekara fiye da ɗari da hamsin, a watan Satumba na 2024 ya zube bayan ruwa, duk ƙasar nan an ga bidiyon. Na fadar Zariya a 2023 wani sashe ya rufto ana cikin sallar la'asar, mutane suka rasu. Waɗannan fa wurare ne masu sarakuna a kansu.

Sannan abin da kakanku ya bari karatu ne, ba laka ba. In yau ya dawo ya ga an yi wa almajiransa ɗaki mai taga da fanka, kana jin zai yi kuka don alkuki? Mu da muka yi karatu a irin ɗakunan nan kada mu yi wa kanmu ƙarya: akwai duhu, akwai tari lokacin ɗari, akwai kuɗin cizo cikin tabarmi.

Ni dai butik ɗin ne ban yarda da shi ba. In za a rushe, a gina aji a wurin.

Ɗiyar Liman (Yamai)

Ɗan Wadata, ƙanena, fanka ka ce? A watan Afrilu ka shiga ɗakin kwano da rana tsaka a Tawa, wuta ta ɗauke, ka dawo ka ba mu labari. Zauren babanmu a Ƙonni in ka shiga da azahar sai ka ce randa ka shiga.

Na ce "in ka shiga", amma babu shi yanzu. Bayan rasuwarsa maza suka zauna, mu mata aka aiko mana da saƙo cewa an yanke. Yau wurin ana cajin waya ana sayar da kati. Kuɗin hayan da aka ce za a riƙa raba mana, sau uku na gani da idona. Ban riƙe kowa ba, amma Jikan Malam ka sa wannan cikin lissafinka: butik na gado rigima yake haifarwa, don kowa ya san nawa ke shigowa. Zauren karatu ba wanda ke faɗa a kansa.

Abin da ya sa na tsaya rubutu shi ne ƙaramar ƙofar da ka ambata, mai buɗewa cikin shigifa. Ka san aikinta? Namu ma yana da ita. Ba a saitin babbar ƙofa take ba, an kauce da ita don na titi kada ya hango cikin gida. Nan bayanta muke zama, mu 'yan mata da muka girma aka ce mun wuce zama da maza, da matan gida. Baba na fassara wa dattawa babin tsarki ko na gado, yana ɗaga murya fiye da yadda ake bukata, ya san muna nan. Innarmu ba ta taɓa riƙe littafi ba, amma ta haddace farillan alwala da abin da ke ɓata azumi tana tsinke zogale a bakin ƙofar nan. In ba ta gane ba sai ta yi gyaran murya, shi kuma ya ce wa dattawan "bari mu maimaita". Wanda ya gina ɗakin ya san da mu. Aji mai kallon titi ba zai yi wannan ba, rumfar tsakar gida kuma za ta shigo da maza baƙi cikin gida, ka tambayi iyayenka mata ko sun yarda.

Sai gafakan da ka ce suna alkuki. Don Allah yau ɗin nan ka kira gida a kwashe su daga bango mai laima. Kada a ɗaure su cikin leda, gumi suke yi su ruɓe. A naɗe da farin ƙyalle, a sa a akwati, a ɗora kan wani abu ya bar ƙasa. Kuma kada kowa ya ce zai jera warƙoƙin, tunda ba ɗinki gare su ba, in sun cakuɗe sai mai karatu. A ƙasan kowane shafi akwai kalmar farko ta shafi mai zuwa, da ita ake bi. Namu gara ta cinye rabi kafin mu farga. Ka duba ƙarshen littattafan, masu kwafi kan rubuta sunansu da ranar da suka gama, wataƙila a nan za ka samu shekarar da kake nema.

Mai Zanen Gini (Yamai)

Salam. Aikina zanen gine-gine ne, kuma duk abin da Baba magini ya faɗa haka muka karanta shi a makaranta, sai dai mu da Faransanci da tsada.

Kan tambayarka ta hukuma: akwai dokar kare kayan tarihi ta ƙasa, mai lamba 97-022 ta 1997, kuma tsohon garin Agadas ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya na UNESCO a 2013. Amma zauren gida irin naku dukiyar magada ce. Kada ka zauna jiran wani ya zo da mota ya gyara muku. Inda za ka iya samun masu sauraronka shi ne batun littattafai: cibiyar IRSH ta jami'ar Abdu Mumuni nan Yamai tana da sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami, wanda tushensa tarin da Bubu Hama ya yi ne. Tunda kana gari, ka leƙa ka nemi shawarar adanawa. Ba dole ka ba da naku ba.

Ɗan Wadata ya faɗi gaskiya kan hannaye, kuma ba a amsa masa ba. Amsar da na sani ita ce a rage wa ginin bukatar hannu: indararo dogaye masu zubar da ruwa nesa da bango, dakalin dutse a gindi (dutse kam Adar ba ta rasa shi ba), rufi mai gangare sosai bayan an rage masa nauyi. In an yi haka, abin da ya rage duba ne kafin damina da yaɓen gefen da ruwa ke duka, galibi gabas, don daga can hadarinmu ke tasowa. Aikin mutum biyu ne na 'yan kwanaki, ana iya biya.

Ka je Dandaji, cikin jiharku take. Tsohon masallacinsu na ƙasa ya lalace, an so a rushe. Masu zanen gini Mariam Kamara da Yasaman Esmaili suka mai da shi ɗakin karatu, aka gina sabon masallaci a gefensa da bulon ƙasa matsattse, aka gama a 2018. Ka kai yayanka in ya zo, ko ka tura masa hotuna. Mutumin da ya daɗe a Abijan sai ya gani da ido kafin ya yarda ƙasa ba talauci ba ce.

Kafin a taɓa komai, ka auna ɗakin da mita, ka ɗauki hoton kowane bango ciki da waje, da bakan daga ƙasa. Sannan batun gado: in kuna so wurin ya tsira bayan Baba Ƙarami, ku tambayi malamai hanyar mai da shi hubusi, wato waƙafi, a rubuta gaban shaidu. Sai kowane magaji ya yarda, mata da maza, kuma in akwai maraya ƙarami a cikinku ba a kyauta da rabonsa, sai dai a biya shi. Wannan ya fi tsagar wuya.

Jikan Malam (Yamai)

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Na yi shiru ne don na je Tawa ƙarshen mako.

Baba magini, ka yi gaskiya. Indararon yamma ya karye tun daga cikin rawani, wani ya toshe da gwangwani. Mun ɓamɓare simintin gefen da hannu kawai, faifai-faifai yake faɗowa, bayansa hanyoyin gara ne kamar zanen lalle. Wuƙa ta shige itace biyu, sauran sun ƙi. Kuma sanduna ne a ɗaure, ba azara ba, yadda ka ce. An tokare, yara sun koma babban zaure, na manna laka wuri uku ranar Lahadi na rubuta kwanan wata da gawayi a gefe.

Hajiya Ɗiyar Liman, na tambayi iyayenmu mata batun rumfa. Ashe ba wanda ya tambaye su. Gwaggo ta ce in an kawo gardawa tsakar gida ita a ina za ta yi shanya. Littattafai suna akwati a ɗakinta. Gafaka bakwai ne, ɗaya ta jiƙe.

Ɗan Wadata, maganarka ce ta hana ni barci, kuma ita na fara gaya wa Yaya a waya. Ya ce zai bar rabin kuɗin a yi gyara, da sharaɗi biyu: in mannin ya tsage a sake zama, kuma ni in ɗauki kuɗin yaɓe kowace shekara daga albashina, a rubuce. Na ce to. Butik kuma yana nan kan bakansa, yanzu katangar kudu yake kallo, inda turken tumaki yake. Hubusi ban ko tayar ba tukuna, akwai 'ya'yan marigayi ƙanenmu biyu ƙanana.

Saura magini. Wanda aka nuna mini a Bilbis ya daina gani sosai. Baba, akwai wani cikin yaranka da zai iya zuwa Tawa bayan an gama girbi? Abinci da wurin kwana a kanmu.